Injin Motar Ɗangana

Litinin, 4 ga Oktoba 1993, bayan la'asar

Yau aka kawo injin daga Kontagora, ɗaure a kan tsohuwar taya a bayan motar yashi. Na dawo daga makaranta na tarar da ƙofar gida cike da mutane, na ɗauka wani abu ne ya faru. Ashe maƙwabta ne suka taru su kama a sauke shi cikin rumfar Malam, maigidana. Shi kuwa yana tsaye yana ba da umarni, fuskar nan tasa tana haske kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Aikin na Ɗangana ne, mutumin Wara. Ya sayi injin casar shinkafa da janaretansa, an ɗora su a kan tirela mai nauyin gaske, yana so ya riƙa zagaya ƙauyukan Shanga da Ngaski da kaka yana yi wa manoma casa a bakin gona. Akori-kurarsa mai fetur ce. Ranar da ya gwada jan tirelar, daga tasha zuwa bakin kasuwa ta tafasa ta tsaya. Malam ya ce masa a cire wannan injin a sa na gas mai turbo. Ɗangana ya ce wa zai iya? Mutanen wurin suka yi dariya, wani ya ce duk ƙasar Yauri in ba Haliru Makanike ba, wato Malam, wa kake tsammani?

Rabon da in ga Malam da irin wannan murna tun auren 'yarmu Mariya. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Alhamdu lillahi.

Laraba, 6 ga Oktoba, da magariba

Ya kwance injin gaba ɗaya, ya wanke komai da kananzir, ya jera a kan tabarma kamar kayan lefe. Ya kira ni in zo in gani. Ya ɗauko wani abu mai kama da ƙatuwar katantanwa ya ɗora mini a hannu, ya ce shi ne turbo.

"Hayaƙin da inji ka zubarwa shi ka juya shi, shi kuma shi tura iska cikin inji. Iska da yawa, mai da yawa, ƙarfi da yawa. Amma kuma zahi da yawa, Barira. Nan ne ake gane makanike."

Ya ce a wurin masu aikin madatsar Kainji ya fara ganinsa yana saurayi, a jikin manyan motocin ture ƙasa. Na sha jin labarin, amma na tsaya na sake ji.

Bayan azahar ya shigo ya ce ina abincin rana. Na ce ai ka ci. Ya dubi kwanon da ke gabansa, ya yi dariya, ya koma.

Gajiya ce.

Asabar, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na je ɗiban ruwa a randa, moɗa ta bugi ƙarfe. Sifanarsa ce, wadda ya kwana biyu yana nema. Na goge ta na mayar cikin akwatin kayan aiki.

Bara ya sallami masu koyon aikinsa duka, ya ce suna ɗauke masa kaya. Ni ma na taya shi faɗa a lokacin. Yau na daɗe zaune kusa da randar.

Lahadi, 10 ga Oktoba, da yamma

Lafiya lau. Ba abin rubutawa.

Laraba, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Ɗangana ya zo duba aiki, ya kawo mana busasshen kifi. Ina daga zaure ina jin su. Malam ya yi masa bayani tiryan-tiryan: za a sa lagireton babbar mota don na akori-kura ba zai iya sanyaya wannan injin ba, za a canza kuloci da mai ƙarfi, ƙugiyar jan tirela kuma a jikin ƙashin motar za a yi mata walda, ba a bamba ba. Ya nuna masa gaskit mai kauri da ya sa aka kawo daga Kaduna, ya ce shi ne zai hana kan injin fashewa in turbo ta fara turo iska. Ɗangana sai cewa yake "To, Oga Haliru, to."

Na ji sanyi a raina. Na ce wa kaina ke ce mai neman abin damuwa.

Da zai raka shi sai na ji ya ce, "Ka gaishe da tsohonka, ka ce mai ina nan tahe." Ɗangana ya ce, "Allah shi jiƙan shi." Da Malam aka yi jana'izar tsohon, shekaru uku ke nan.

Gajiya ce. Ba ya hutawa da rana.

Juma'a, 15 ga Oktoba, da magariba

Da safe ya ce mini ya rufe kan injin, ya ɗaure notuna, aiki ya yi rabi. Da ya tafi masallaci na shiga rumfar in share. Gaskit ɗin nan na Kaduna yana rataye a ƙusa cikin ledarsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Ni ba makanike ba ce. Na tsaya ina fatan ko biyu aka kawo.

Da ya dawo na kai masa ruwa, na ce a hankali, "Malam, wancan na jikin ƙusa fa?"

Ya duba. Ya dube ni. Sai ya ɗaga murya, ya ce tun yaushe malamar firamare ta fara koya masa aiki, ya ce ni ce nake shiga ina taɓa masa kaya, ya ce abubuwan da ba zan sa su a takarda ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta koma. Tun da aka kawo ni gidan nan mutumin nan bai taɓa yi mini tsawa ba. Ko ranar da na ƙona masa takardun shaidar aikinsa da fitila, dariya ya yi.

Na shige ɗaki. Can an jima na ji ƙarar sifana, yana kwance notunan ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar na leƙa, yana zaune a kan benci da gaskit ɗin a cinyarsa, yana shafa shi da yatsa.

Asabar, 16 ga Oktoba, da magariba

Na ce masa zan je gaisuwar rashin lafiya, na hau mota zuwa Shanga wurin Zaidu. A hannun Malam ya koyi aiki tun yana matashi, ya yi shekara goma sha a rumfar nan kafin Malam ya yaye shi ya buɗe garejinsa. Yanzu shi ma har da furfura a gemu, 'ya'yansa biyar.

Yana ganina ya fito daga ƙarƙashin mota ya durƙusa. "Inna, lahiya? Ina Baba?"

Na shirya magana tun daga nan Yelwa, amma da na zauna sai na ce kawai, "Aikin ya yi masa yawa."

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce watan jiya sun haɗu a kasuwa, Baba ya tsaya ya yi masa faɗa a kan me ya sa bai zo aiki da wuri ba. Ya ce ya ɗauka wasa ne, ya ba shi haƙuri.

Na ce in ka zo ka ce taimako ka zo yi, zai kore ka.

Ya ce, "Ai Inna ba ƙarya zan yi ba. Ni ban taɓa haɗa turbo ba, ko buɗe ta ban taɓa yi ba. Abin da ke cikin kan Baba babu shi ga kowa nan. In ya..."

Na ce ruwan sama ya ɗauke da wuri bana. Ya ce eh, ya ɗauke.

Litinin, 18 ga Oktoba, da azahar

Zaidu ya rufe garejinsa ya zo. Na ji shi daga tsakar gida: "Baba, na ji an ce kana haɗa inji mai turbo, na zo ka koya man."

Malam ya ce, "Sai yanzu ka san kana da sauran koyo? Ɗauko tsumma ka goge hannunka."

Na shiga kicin na yi kuka na dafa shinkafa.

Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Da safe yana nan daram. Kafin in tafi makaranta nakan tsaya bakin rumfa ina sauraro. Ya nuna wa Zaidu yadda ake karkata bakin ringi a jikin fistin kada su haɗu a layi ɗaya, da yadda ake ɗaure kan inji daga tsakiya a fita gefe. Waɗannan Zaidu ya san su tuntuni, amma yana cewa "To, Baba." Da aka zo kan turbo kuwa sai na ga ya matso kusa, yana maimaita kowace magana. Bututun baƙin mai da zai shiga ta sama, wanda zai fita ta ƙasa dole ya fi shi faɗi kuma kada ya lanƙwashe. Malam ya ce turbo ba ta jure ƙishirwa, in mai ya yanke mata ko na ɗan lokaci ta mutu.

In rana ta karkata sai abin ya zo. Yakan riƙe noti ya tsaya yana kallonsa. Yau Zaidu ya ciro tsumma daga cikin bututun iska, ya sa a aljihu, ya ci gaba da aiki kamar bai ga komai ba. Na gani. Ya san na gani.

Na manta na sake ba 'yan aji huɗu aikin da na ba su jiya. Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Asabar, 23 ga Oktoba, da yamma

Mariya ta zo daga Wara da goyonta, mun kai shi asibiti da sunan awon hawan jini. Likita ya yi masa tambayoyi. Wace shekara muke, wane gari, wace jiha. Ya ce Sakkwato. Na yi sauri na ce ai kowa yana wannan kuskuren, jihar ma sabuwa ce. Likita ya ce haka ne, Malama. Daga nan ya ce Mariya ta fita da shi ya sha iska, ni in tsaya.

Na ji abin da ya ce. Bai rubuta magani ba.

A hanya Mariya ta ce, "Inna, mi likita ya ce?" Na ce ya ce ya rage gishiri.

Lahadi, 24 ga Oktoba, da asuba

Ta sani. Ta wanke masa kaya duka kafin ta tafi, har waɗanda ba su yi datti ba.

Talata, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Ban je makaranta ba. Bayan ya karya ya ce in zauna. Idonsa tar, irin na da.

"Barira, Zaidu ba koyo kaɗai ya kawo shi ba. Ke kika kira shi."

Na ce eh.

"Kin kyauta." Ya murza hularsa. "Na san abin da ke faruwa. Kamar tanki ne mai huji. Da sahe in cika shi, kafin la'asar in duba ba komi. Kuma hujin ƙaruwa shi kai."

Na ce Allah zai kawo sauƙi. Ya ce amin, amma ki saurara.

Ya ce saura famfon gas, kuma nan ne haɗarin yake. In aka buɗe wa injin mai fiye da kima, zai yi ƙarfi na ɗan lokaci, sannan fistin ya narke a kan hanya da tirela a baya, wataƙila a gangara, wataƙila da mutane a kai. Ya ce, "Kada ki bari in taɓa famfon nan ni kaɗai. In Zaidu ba shi nan ki rufe rumfar ki ɓoye makulli. Ko na yi faɗa. Ko na zage ki. Wanda zai zage ki ba ni ba ne, kin ji?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Ranar Juma'ar nan, na yi miki tsawa ko?"

Na ce ban tuna ba. Ya yi murmushi ya ce, "To mun zama biyu."

Ya kira Zaidu, suka zauna a kan famfon har azahar. Na ga yana sauri, yana zuba magana kamar mai kwashe kaya daga ɗakin da ruwa ke shiga.

Juma'a, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Zaidu ya je Shanga ganin iyalinsa. Na rufe rumfar.

Malam bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofar yana roƙona, ya ce me ya yi mini, ya ce aikin mutane ne, ya ce don Allah Barira. Makullin yana ɗaure a gefen zanena, yana taɓa cinyata duk motsin da na yi.

Litinin, 1 ga Nuwamba, da azahar

An ɗora injin a mota tun jiya, yau aka tayar. Na roƙi hedimasta ya bar ni na dawo da wuri. Ɗangana ya zo da jarkar gas da ya samo da ƙyar. Kafin a murza makulli Malam ya ce a dakata, ya kwance bututun sama ya ɗiga baƙin mai cikin turbo da hannunsa, ya juya ta da yatsa. Zaidu ya ce wallahi shi da ya manta.

Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Farin hayaƙi ya cika rumfar sannan ya washe. Da Zaidu ya taka totur sai wani siririn fito ya taso daga cikin ƙugin. Malam ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin ya rufe ido. Da Zaidu zai kashe ya riƙe masa hannu, ya ce ba a kashe mai turbo da zafinta, a bar ta ta numfasa tukuna. Ya juya ga Ɗangana ya ce, "Kai ma ka riƙe wanga, in kana son ta daɗe."

Ɗangana ya aika aka sayo tsire. Malam ya zaɓo mini mai kitse ya miƙo mini a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Yau na yi farin ciki. Ina so a san cewa yau na yi farin ciki.

Laraba, 3 ga Nuwamba, da magariba

Na shiga wanka na fito ba ya nan. Takalmansa suna ƙofar ɗaki.

Zaidu ya bi hanyar tasha, ni na bi ta masallaci da kasuwa. Kowa na tambaya sai in ce ko ya ga Malam, ya fita bai ɗauki hularsa ba, kamar hular ce damuwata. Wata mai soya kifi ta ce ta ga ya gangara bakin ruwa.

Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, tsakanin jiragen masunta, yana kallon tsakiyar tafki. Ɗangana na gefensa, ashe ya zo sallamar kaya a jirgin Wara ya gan shi. Na kira shi, ya waiwayo ya yi mini magana, ban gane ko kalma ɗaya ba. Gunganci yake yi, harshen mutanen gungu. Na san a gungu aka haife shi, a tsibirin da ruwan madatsa ya cinye kafin mu haɗu, amma tun da na san shi Hausa yake yi. Ya taɓa ce mini harshen ya tsere masa.

Ɗangana Bagunge ne. Ya amsa masa, suka yi ta magana, sannan ya kama hannunsa ya fito da shi.

Na ce me yake cewa?

Ya ƙi dubana. Ya ce, "Jirgi shi ka jira. Wai innarshi ta tai gonar albasa, rana ta faɗi ba ta dawo ba."

Na ce kai me ka ce masa?

"Na ce ta kwana can, shi tai gida wurin iyali."

Kwalba ta yanke Malam a ƙafa. Na wanke na ɗaure. Ya bar ni na yi.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, da safe

Na sa wa ƙofar zaure sakata ta sama.

Asabar, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Ɗangana ya ja Zaidu gefe, amma na ji. Ya ce an fara yankan shinkafa a Shanga, manoma na jiransa, duk abin da ya mallaka yana kan tirelar nan. Ya ce, "Ka gaya man tsakaninka da Allah, injin ga lahiya shi ke?" Ban ga laifinsa ba. Zaidu ya ce duk notin da ke jiki ya bi shi da hannunsa, amma a gwada a gani.

Suka ɗaura tirelar suka fita hanyar Shanga. Da suka dawo fuskar Zaidu ta gaya mini. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ta ja kamar ba ta ɗauki komai ba, amma a hawa sai baƙin hayaƙi, allurar zafi ta tashi, ƙarfi ya ragu. Ya ce ya bi duk abin da Baba ya koya masa, wannan bai zo a ciki ba.

Ya durƙusa gaban Malam ya yi masa bayani sau biyu. Malam yana kallon bakinsa yana gyaɗa kai cikin ladabi, irin yadda ake yi wa baƙo.

Litinin, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Ɗangana ya zo da sassafe ya zauna kusa da Malam a kan benci, ya fara yi masa Gunganci. Da farko hirar kifi ce da mutanen da, in ji shi. Malam ya yi dariya har da buga cinya. Can sai Ɗangana ya shigo da maganar motar, wai ta wani abokinsa ce, tana baƙin hayaƙi a hawa.

Malam ya gyara zama. Ya yi tambaya, Ɗangana ya juya wa Zaidu: fiton yana ƙaruwa a hawan ko raguwa yake? Zaidu ya ce raguwa, kuma kamar da huci a ciki. Malam ya yi tsaki ya faɗi wani abu yana nuni da hannu.

Ɗangana ya fassara: "Ya ce iska ka tserewa. Mai na shiga, iska ba ta kai ba. Ya ce a shafa ruwan sabulu ga bututun da ya tashi daga turbo, a taka, a ga inda zai yi kumfa. Ya ce in an toshe a rage ma famfo kaɗan, kaɗan ƙwarai, har hayaƙin shi koma kamar inuwa."

Ni na kawo sabulun. A ƙarƙashin maɗaurin roba kumfar ta fito, wata tsaga da ido ba ya gani. Zaidu ya zauna a ƙasa dirshan ya rufe fuska da hannu mai baƙin mai.

Ina tsaye da kwanon sabulu ina jin mijina ta bakin tafinta. Muryarsa ce, tsakinsa ne, yadda yake ɗaga yatsa in ya gano abu, duk shi ne. Yana nan ciki. Ni ce ba ni da hanyar shiga.

Kafin Ɗangana ya tafi na ce ya koya mini yadda ake cewa ga abinci, da zo mu tafi gida. Na rubuta a bangon littafin nan yadda kunnena ya ji. Ya ce lafazina kamar na mai mura.

Laraba, 10 ga Nuwamba, da yamma

Sun sake gwadawa, ta haye ba hayaƙi, allura ba ta motsa ba. Na ce wa Malam ga abinci da harshensa. Ya dube ni da mamaki, ya ci.

Juma'a, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na kai takardar neman hutu. Hedimasta ya ce na wane tsawon lokaci. Na ce ban sani ba.

Zaidu ya wanke kayan aikin ya jera a akwati, ya ce ba zai ɗauki ko ɗaya ba, zai riƙa zuwa duk Juma'a. Mariya ta aiko cewa mijinta ya yarda ta zo ta yi wata guda.

Asabar, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi.

Na yi wa Malam wanka na sa masa farar riga, na fito da kujera ƙofar gida don ya gani. Maƙwabta sun fito. Ɗangana ya durƙusa ya yi masa sallama da Gunganci, ya juyo gare ni ya ce, "Malama, Allah shi ba da lada," ya shige mota. Zaidu zai raka shi har Shanga.

Aka tayar. Suka bar ta ta yi ɗumi, sannan ta ɗaga. Tirelar nan da injin casa da janareta da gangunan mai ta biyo ta kamar akuya a igiya. Daga ƙofarmu ana hango inda hanya ta hau tudu. Ta kama hawan ba ta ko canza murya ba, fiton yana tashi siriri, bayanta ba komai sai ɗan abin da ba za a kira hayaƙi ba.

Malam ya karkata kai yana saurare har ta ɓace. Sai ya yi magana da Hausa, tsaf, karon farko cikin kwanaki.

"Kai. Wanda ya haɗa injin can ya san aiki."

Ya juyo ya dube ni, da fara'a, da girmamawa.

"Malama, ko kin san wane ne?"

Na ce, "Mijina ne."

Ya ce, "Allah? To kin yi dace. In kin koma gida ki gaishe shi."

Na ce zai ji.